Ba Rawani Sai Da Mahamud

SHAFI NA 12

Masu bugo mini salula tun ina kan sallaya, ku yi haƙuri, kuran ne, wato wutar lantarki, bai dawo ba sai da hantsi. Bismillah.

Malam Idirisu tela ya sauka daga kabu-kabu a ƙofar ma'ahad da igiyar awo rataye a wuya, bai ma san ya fito da ita ba. Magana ɗaya Mudir, shugaban makarantar, ya faɗa masa a salula: "Zo ka ji abin da ɗanka ya ƙulla." Ya kashe.

Yau Laraba, Asabar bikin sauka. Ranar ce za a naɗa wa ɗansa Safiyanu rawani a gaban jama'a, shi ne na farko a duk zuriyar kakansu Nomau da ya kai ƙarshen karatu. Labari ya riga ya kai garinsu Dogo. Yayan Malam Idirisu, Ɗanƙarami, ya kama mota sukutum, har Inna tsohuwa ta ce ko a kan tabarma za a ɗauko ta sai ta ga rawanin jikanta da idonta.

'Yan furomo, wato ajin da ke fita bana, suna zaune ƙarƙashin bishiyar maina, maza a tabarma ɗaya, mata can gefe. Babu mai karatu, babu mai hira.

"Safiyanu!"

"Na'am, Baba."

"Taso nan. A'a, koma ka zauna. A gabansu ka yi, a gabansu zan ji."

Safiyanu ya sunkuyar da kai.

"Baba, maganar Mahamud ce."

"Wane Mahamud? Damagaram cike take da Mahamud."

"Ɗan ajinmu, na wajen Damagaram Takaya. Ranar da Gwani Hassan ya zo daga Mirriya sauraren haddarmu, ba ya nan. Ruwan shuka ya sauka a garinsu, babansa na kwance, ya tafi gona. Shi ne Mudir ya ce ba za a naɗa masa ba."

"Allah ya ba babansa lafiya. Ina ruwanka a ciki?"

"Mun rantse, Baba."

"Kun me?"

"Mun rantse ba wanda za a naɗa wa rawani ko a yafa wa mayafi sai tare da shi."

Malam Idirisu ya dube su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman wanda zai ce wasa ne. Bai samu ba.

"Da me kuka rantse?"

"Da Allah."

"Dukanku?"

"Dukanmu."

"Wa ya fara?"

Can daga gefen mata wata siririya mai baƙin hijabi ta ɗaga hannu. Ummul Khairi ce, shugabar ɗalibai mata, wadda ko malamai kan yi shiri kafin su shiga muhawara da ita.

"Shi ya fara, Baba. Ni kuma na bi kowa na tabbata ya furta da bakinsa, kar wani ya ce daga baya gyaɗa kai kawai ya yi."

"Sannu da aiki! Allah ya yi miki albarka!"

"Amin, Baba."

"Ba yabo ba ne!"

Ya share zufa da hannun riga. Ya yi ƙoƙarin sassauta murya, irin yadda yake yi wa mai kaya in ɗinki ya makara.

"Ku saurara, 'ya'yana. Ni karatuna bai yi nisa ba aka miƙa ni gidan ɗinki. Amma na san Allah bai ƙuntata wa bawa ba. Akwai kaffara ko babu?"

"Akwai, Baba."

"To, shi ke nan! Ku yi azumi uku, ku huta, mu ma mu huta."

Wani mai ƙaton kai, Sani, ya gyara zama kamar an taɓo masa darasin da ya fi so.

"Ai ba a farawa da azumi, Baba. Sai wanda ba shi da halin ciyar da miskinai goma ko tufatar da su."

"Tufatarwa? Kai yaro, wa ke tsaye gabanka? Tela ne! Ni zan tufatar. Kowannenku goma-goma, ku kawo mini miskinan, in auna su a nan ƙarƙashin bishiyar nan!"

Dariya ta kuɓuce wa wasu, suka toshe baki. Ummul Khairi ba ta yi ba.

"Baba, an koya mana mutum ya karya rantsuwa in ya ga abin da ya fi ta alheri. Tun shekaranjiya muke dubawa, ba mu gani ba."

"Ba ku gani ba? Tsohuwa ta taso daga Dogo da ciwon gwiwa, ba alheri ba ne? Ta zo ta tarar da kujeru da lasifika ba jika, me zan ce mata? In ce Inna, jikanki ya yi karatu har ya fi ƙarfin rawani?"

"Baba," in ji Safiyanu a hankali, "shekara shida tire ɗaya muke ci da shi. Duk asuba shi ke tashinmu muraja'a. Lokacin da hadda ta tsaya mini, na ce zan bari in zo in koyi ɗinki, shi ya zauna da ni har ta zauna. Ka tuna?"

"Na tuna kukan da ka yi mini. Ban san wa ya share shi ba."

"Shi ne."

"Kuma ƙuli-ƙulin gidansu ne ya raine mu," in ji Sani.

"Kai dai rufe mini baki. Da ganin kanka an san ka ci."

Ya juya fuu ya nufi biron Mudir, wato ofishinsa. Bai ce kowa ya biyo shi ba, amma ya ji takun mutum biyu a bayansa.

Malam Habu, Mudir, yana zaune gaban butar shayi, tabarau a kan hanci, fanka na juyawa kamar ba ta so.

"Salamu alaikum. Allah gafarta Malam."

"Wa alaikumus salam. Ka ji su?"

"Na ji su."

"To, ka ga abin da nake gani tun shekaranjiya. Na gayyaci malaman gari. Na gayyaci iyaye. An kawo rumfa, ga ta can a jingine. Yara sun ɗauki ilimin da na ba su sun ɗaure ni da shi."

Malam Idirisu ya zauna a bakin kujera.

"Malam, yaro ɗaya ne fa. A naɗa masa mana, kowa ya huta. Rawani ai ƙyalle ne, ni na san ƙyalle."

"A shagonka ƙyalle ne. A nan shaida ce. In na naɗa masa, na ce wa duniya an saurare shi ya kawo. An saurare shi?"

"Kai ka san ya iya."

"Na sani. Ya fi su duka, har naka. Amma ba ni ke sa hannu a shahada ba, Gwani ne, kuma Gwani ba ya shaidar abin da kunnensa bai ji ba. Sannan ka duba nan: rabin ɗalibaina 'ya'yan manoma ne. In na buɗe ƙofar nan bana, baɗi hadari ya haɗu ranar jarrabawa, sai Gwani ya taso daga Mirriya ya zo ya saurari tabarma."

Haushin Malam Idirisu da bai samu wurin sauka a kan Mudir ba sai ya juya kan wanda ba ya nan.

"Shi ma yaron, wallahi, ya ba ni mamaki! Wa ke barin jarrabawar shekara shida ya tafi gona? Ba shi da manya ne? Bai yi shawara da kowa ba?"

"Baba..." in ji Safiyanu daga bakin ƙofa.

"Yi mini shiru. In ma ya yi shawara, wane marar kai ne ya ce masa tafi? Irin waɗannan ne ke ɓata 'ya'yan mutane. Mutum bai san gaba ba, bai san baya ba, ya buɗe baki ya..."

"Baba, don Allah..."

"Na ce ka yi shiru! Da zan gan shi, Malam, da a gabanka zan wanke shi tas."

Ummul Khairi ta leƙo ta bayan Safiyanu.

"Baba, a shagonka ya samo shawarar."

Fanka ta yi juyi ɗaya, ta yi na biyu.

"Shagon wa?"

"Naka. Ranar da ya je awon rigar sauka."

Malam Idirisu ne ya karɓi ɗinkin rigunan furomo duka, yara sun yi ta shigowa awo har ya daina rarrabe fuskoki. Amma yanzu sai abin ya faɗo masa. Wata safiya, gari ya kwana da ƙanshin ƙasa. Wani dogon yaro baƙi, mai ladabi, yana tsaye an ɗora masa igiya a kafaɗa, salularsa ta yi ƙara. Ya amsa, fuskarsa ta canza. Ya ce, Baba, an yi ruwa a garinmu, mahaifina ba ya iya tashi, ni kuma ina da abin yi a makaranta gobe. Shi kuwa, allura a baki, bai ko ɗago kai ba ya ce, yaro, duk abin da kake da shi a gari zai jira ka, danshi ba ya jiran kowa, tashi. Har shi ya leƙa waje ya tsayar masa da kabu-kabu zuwa tasha.

"Bai ce mini jarrabawa ba!"

"Ya ce yana da abin yi a makaranta," in ji Safiyanu.

"Abin yi! Abin yi! Na ɗauka shara ce, ko wankin allo! Mutum zai je gaban Gwani sai ya ce abin yi? Wace irin kunya ce wannan? Ku 'yan makarantar nan, in ana son ku yi magana ku yi shiru, in ana son ku yi shiru ku yi ta zuba!"

"Ya ce mana kai ne dattijon da ya samu a kusa," in ji Ummul Khairi. "Ya ce maganar babba ba a tsallake ta."

"Ke kuma tun ɗazu kin sani kika bar ni ina ta surutu?"

"Ba a katse babba, Baba."

Mudir ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya tsiyaya shayi a ƙaramin kofi ya tura gaban Malam Idirisu.

"Sha. Ka ce za ka wanke wani a gabana, ina jira."

"Malam, kar ka ƙara mini."

Ya kurɓa, shayin ya ƙona masa harshe, bai ma ji ba. Ya tuna gonar babansu a Dogo, yadda akan tashe su tun duhu in an yi ruwa, ba wanka, ba kari. Abin da ya faɗa wa yaron gaskiya ne, shi ya fi ba shi haushi. Da ƙarya ce da ya janye.

"Allah gafarta Malam, ka buga wa Gwani."

"Na buga shekaranjiya. Ya ce ya gama na bana."

"Ka sake bugawa. Ka ce masa yaron ba gudu ya yi ba, wani dattijo ne ya tura shi."

"In faɗi sunan dattijon?"

Malam Idirisu ya dubi ɗansa, ya dubi rufi.

"Faɗi."

Mudir ya latsa salula ya buɗe murya. Gwani Hassan ya tsufa, kunnensa ba ya kama komai sai kuskuren karatu.

"Allah ya ƙara wa Gwani lafiya, Habu ne!"

"Wa?"

"Habu! Na ma'ahad!"

"To, Habu. Ya yara?"

"Su ne maganar, Gwani. Yaron nan da bai zo ba, ashe tela ne ya ce masa ya tafi shuka!"

"Tela? Tela ya san shuka?"

"Ɗan Dogo ne, Gwani!"

"Oho. To ai ya san ta. An yi ruwa, uba na kwance, ya ce yaro ya tafi? To me zai ce da?"

Malam Idirisu ya ɗan gyara zama.

"Amma da ya tambayi yaro me ya baro," in ji Gwani. "Babba ba tambaya, ina girman?"

Malam Idirisu ya koma yadda yake.

"Gwani, ko za a taimaka a saurare shi?"

Ana jin kukan akuya daga can Mirriya.

"Gobe da hantsi, a zaurena. In rana ta take ina da tafiya, ba zan dawo ba sai bayan bikinku. Ya zo, in ji shi. Bai zo ba, sai baɗi."

"Mun gode, Gwani! Allah ya ja kwana!"

Malam Idirisu ya miƙe har igiyar awo ta faɗi ƙasa.

"Alhamdu lillahi! Safiyanu, buga masa yanzu!"

"Babu rezo a ƙauyensu, Baba, salula ba ta shiga. Sai an hau tudu."

"To a aika! Ba motar yamma? Kai, tashi ka..."

Bai ƙarasa ba ihu ya tashi a tsakar makaranta. Mata na kabbara, maza na tsalle. Suka fito da gudu.

A bakin ƙofa Mahamud ne tsaye. Ya rame, ya ƙara baƙi, dugadugansa sun tsage, buhu rabi a kafaɗa. Sani ya rungume shi har buhun ya kusa zubewa.

Malam Idirisu ya ratsa yaran ya kama hannunsa biyu.

"Ɗana! Allah ne ya kawo ka! Gwani ya yarda. Gobe da hantsi a Mirriya. Yau a gidana za ka kwana, ni da kaina zan kai ka, in ya so a bakin zauren zan zauna kar wani ya sake ba ka shawara."

Mahamud ya durƙusa ya gaishe shi, ya gaida Mudir. Bai yi murmushi ba.

"Na gode, Baba. Amma ba jarrabawa ta kawo ni ba."

"Me ya kawo ka?"

"Iri na zo nema. Da akwatina."

"Wane iri kuma? Ba ka yi shuka ba?"

"Na yi. Ta fito har ta yi kunne biyu, ruwa ya ɗauke, ta ƙone duka. Jiya aka sake yin ruwa mai kyau. Irin gida ya ƙare a ta farko, shi ne na biyo motar safe. Da motar yamma zan koma. In gobe ta wuce ban shuka ba, ƙasa ta sha danshin."



"Babu wani a gida?" in ji Mudir.

"Ƙannena mata ne ƙanana, Malam. Maƙwabta kowa na kan tasa."

Ya juya ga 'yan ajinsu.

"Yanzu a bakin ƙofa na ji abin da kuka yi. Allah ya saka. Amma ku karya, ku yi kaffara. Iyayenku ba su yi laifin komai ba."

"Ka ji!" in ji Malam Idirisu. "Ka ji mai hankali! Mai rantsuwar ma ya yafe!"

"Ba da shi muka rantse ba, Baba," in ji Ummul Khairi. "Ba shi da ikon yafewa."

"Ke wai 'yar wa ce?"

"'Yar Malam Mahaman mai gyaran moto."

"Zan same shi."

Mahamud ya sauke buhun. Ya ɗago ido ya dubi Malam Idirisu, irin kallon nan na ranar awo.

"Baba, kai ka san gona. Me kake gani zan yi?"

"A'a! Kar ka sake! Ga Mudir nan, ga malamai cike da gari, sai ni? Ni kaɗai ne dattijo a Damagaram?"

Mudir ma ya harɗe hannu yana kallonsa.

Malam Idirisu ya dubi buhun iri. Ya dubi rumfar da ke jingine da bango. A shago riguna na jiransa ba a kafa musu wuya ba, har da ta Safiyanu. In ya ce yaro ya tafi gona, rawani ya tafi sai baɗi, Inna kuma ba ta da alkawari da baɗi. In ya ce ya tsaya, ya san abin da rumbu wofi ke yi wa gida mai majinyaci.

"Innalillahi. Ni Idirisu, wa na yi wa laifi?"

Ya ja dogon numfashi.

"Kai, Mirriya za ka. Miƙo buhun nan."

"Baba, gonar fa?"

"Na ce miƙo! Ku kuma, masu bakin rantsuwa, kun iya sungumi?"

"Mun iya, Baba!" in ji maza.

"Mu za mu bi baya muna zuba iri muna binnewa," in ji Ummul Khairi.

"Ke ba inda za ki sai ubanki ya ce. Ku je ku tambayo, duk wadda aka bari ta zo da yayanta. Malam, ka ba ni aronsu?"

Mudir ya ɗaga kafaɗa.

"Ni yanzu ina da iko da su ne?"

"To, kowa ya nemo takalmin kirki, mu haɗu a tasha kafin la'asar. Rabona da sungumi tun ban yi aure ba, bayana ma sai da man zafi yake kwana. Allah ya isa tsakanina da bakina." Ya saɓa buhun, ya ji nauyinsa ya fi yadda ya zata, ya sauke. "Kai Mahamud, wannan duk na gona ɗaya ne? Babba ce?"

Mahamud ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa da ɗan yatsan ƙafa.

"Ta kusa da gida ba ta da girma, Baba."

"Ta kusa?"